Kundin Da Ba Ya Gogewa: Darasin Asibitin Zana Da Sabuwar Hanyar Tsare Bayanan Lafiya

    

Yau zan ɗauko maganar da in ka ji sunanta da farko, za ka ɗauka ta samari masu danna waya ce, wato fasahar bulokcen. Yawancinmu mun fara jin kalmar ne a bakin yaran da ke kwana suna "mainin", ko a labarin wanda jarinsa ya nutse a harkar kirifto. To ni ba kuɗi ne ya kawo ni ba. Masana harkar lafiya sun daɗe suna tattauna yadda za a yi amfani da wannan fasaha wajen tsare bayanan marasa lafiya, da kuma sa ido a kan gwajin sababbin magunguna. In kuwa ana maganar gwajin magani, mu mutanen Kano ba 'yan kallo ba ne. A kan 'ya'yanmu aka yi wanda har yau ake kafa misali da shi a darussan ɗa'ar aikin likita a duniya.

Abin da ya faru a 1996

Duk wanda ya mallaki hankalinsa a 1996 zai tuna irin shekarar da aka yi. Sanƙarau ya ɓarke a Arewa, ya kama mutum sama da 100,000, ya kashe sama da 11,000, ga ƙyanda da amai da gudawa sun haɗu a lokaci guda. Asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, wanda muka fi sani da Asibitin Zana, ya cika ya batse. Ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF tana ciki tana ba da magani kyauta.

Ana cikin haka sai ga tawagar kamfanin magunguna na Pfizer daga Amurka, ɗauke da sabon magani mai suna Trovan wanda ba a riga an amince da shi ba. Suka zaɓi yara kimanin 200. Kusan rabi aka ba su Trovan, sauran aka yi musu allurar ceftriaxone, sanannen maganin sanƙarau, amma aka rage yawan da aka saba bayarwa. Yara 11 suka rasu: 5 cikin waɗanda suka sha Trovan, 6 cikin ɗaya ɓangaren. Wasu suka tashi da kurumta, wasu da makanta, wasu da shanyewar jiki. Bayan 'yan makonni tawagar ta tattara ta koma gida.

Adalci shi ne a faɗi abin da kamfanin ya tsaya a kai. Ya ce sanƙarau da kansa yana kisa yana kuma nakasawa, yawan yaran da suka rayu a gwajinsa bai gaza na sauran wurare ba, ya samu izinin hukumomi, kuma ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa sun amince da baki. Iyaye da dama kuwa suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi, ba kuma wanda ya gaya musu cewa a cikin asibitin nan akwai inda ake ba da maganin da aka riga aka sani. Babu takardun amincewa masu sa hannu ko dangwalen iyaye da za su raba gardama.

Sai a watan Disamba na 2000 jaridar Washington Post ta fasa ƙwan. A farkon 2001 kuma aka gano abin da ya fi ɗaure kai. Akwai wata wasiƙa mai ɗauke da kwanan watan Maris na 1996, wadda ke nuna cewa kwamitin ɗa'ar bincike na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya amince da gwajin. Shugaban asibitin ya fito ya ce a wancan lokacin babu ma irin wannan kwamiti a asibitin. Ashe daga baya aka rubuta wasiƙar, aka mayar mata da kwanan wata baya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wannan ramin sai da aka yi kusan shekara 5 kafin a kai ƙarshensa.

Kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa a 2001 ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi ya rubuta rahoto, rahoton bai fito fili ba sai a 2006. Gwamnatin Kano ta shigar da ƙara a 2007. A 2009 aka sasanta a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba: miliyan 35 don waɗanda abin ya shafa, miliyan 30 don ayyukan lafiya, miliyan 10 kuɗin shari'a. Duk mai bin hanyar Zariya ya san ginin asibitin Kwanar Dawaki, wanda aka killace masu korona a cikinsa a 2020. Daga wannan kuɗi ya fito.

Da aka zo biyan diyya sai wata sabuwa ta taso: su wane ne yaran? Mutum sama da 500 suka fito, alhali yaran 200 ne. Dole aka koma gwajin ƙwayoyin halitta na DNA. Sai a watan Agusta na 2011 iyalai 4 na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu. Shekara 15 ke nan bayan faruwar abin. Shi kuwa Trovan, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi ga manya a ƙarshen 1997, a 1999 ta taƙaita amfani da shi saboda illar da yake wa hanta, Turai kuma ta dakatar da shi.

Abin da rashin yarda ya jawo mana

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda jita-jitar cewa an gurɓata shi, kuma labarin Asibitin Zana yana cikin hujjojin da mutane suka riƙa kafawa. Sai a watan Yuli na 2004 aka ci gaba, bayan an kawo wanda aka yi a Indunusiya. Sanadin haka cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita. Yaro na ƙarshe da shan inna na asali ya kama a Jihar Kano, a ƙaramar hukumar Sumaila yake, nan kudancinmu, a 2014. Afirka ba ta samu shaidar rabuwa da cutar ba sai a watan Agusta na 2020.

Ka ga ke nan takarda ɗaya ta ƙarya da rashin kyakkyawan rubutu ba a kan yara 200 kaɗai suka tsaya ba. Har gobe akwai gidajen da in masu rigakafi suka yi sallama, sai a ce maigida ba ya nan. Da mashaƙo ya ɓarke a 2023, Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, kuma mafi yawansu yaran da ba a yi wa rigakafi cikakke ba ne.

Gudun gwaji gaba ɗaya kuwa ba mafita ba ne. Allurar sanƙarau ta Men5CV, wadda Nijeriya ta zama ƙasar farko da ta fara amfani da ita a 2024, a Mali da Gambiya aka gwada ta. A nan Kano, likitocin Asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun yi shekaru suna binciken yadda maganin hydroxyurea ke kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki, kuma iyalai da yawa sun amfana. Gwaji dole ne. Abin tambaya shi ne yadda za a yi shi a bar shaidar da ba mai iya murɗe ta.

To mene ne bulokcen?

Ka tuna yadda ake ɗaurin aure. Me ya sa ake faɗin sadaki da ƙarfi a gaban jama'a, maroƙi ya maimaita, kowa ya ji? Domin in mutum biyu kaɗai suka sani, gobe ɗaya zai iya cewa ba haka aka yi ba. Amma in mutum ɗari suka ji, wanda zai canza magana sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya saye bakinsu. Addininmu ma ya riga ya koya mana wannan: aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take.

Bulokcen, wanda zan riƙa kira kundin sarƙa, wannan hikimar ce aka mayar cikin kwamfuta. Abubuwa uku suka riƙe shi.

Na farko, kundin ba a hannun mutum ɗaya yake ba. Kwafinsa iri ɗaya yana ajiye a kwamfutoci da yawa na ɓangarori daban-daban, kuma ba a ƙara sabon shafi sai sun yarda da shi.

Na biyu, akwai wani lissafi da ke ɗaukar kowace irin takarda, ko hoto, ko murya, ya fitar mata da tambari na haruffa da lambobi. Wanda aka fi amfani da shi yana fitar da guda 64. Tambarin kamar zanen yatsa yake. In aka canza ko ɗigo ɗaya a takardar, tambarin gaba ɗaya sai ya sauya. Kuma wanda ya ga tambarin kawai ba zai iya karanta abin da ke cikin takardar ba.

Na uku, kowane shafi yana ɗauke da lokacin da aka rubuta shi da kuma tambarin shafin da ya gabace shi. Daga nan sunan sarƙa ya samo asali. In wani ya koma shafi na 10 ya yi gyara, tambarinsa zai sauya, ya daina dacewa da abin da ke shafi na 11, sarƙar ta tsinke, sauran masu riƙe da kwafi su gane nan take. In an yi kuskure ana ƙara gyara ne a sabon shafi, tsohon yana nan kowa yana ganinsa.

Kuɗin Bitcoin da ya fara aiki a 2009 shi ya fito da wannan tsari fili, amma tsarin bai dogara da kuɗi ba. Akwai irin wanda kowa zai iya shiga, akwai kuma na rufe wanda sanannun hukumomi kaɗai ke riƙe da shi. Na biyun ne ya fi dacewa da harkar lafiya.

Da a ce akwai shi a 1996

Mu ɗauki wasiƙar nan. A ce doka ta wajabta cewa kafin a ba yaro na farko magani, sai an shigar da tambarin takardar izini cikin kundin da NAFDAC, da Ma'aikatar Lafiya ta jiha, da asibitin, da kamfanin, da wata jami'a mai zaman kanta duk suke riƙe da kwafinsa. Wanda ya rubuta wasiƙa bayan shekara guda zai iya sa mata duk kwanan watan da ya ga dama, amma ba zai iya cusa tambarinta a shafin bara ba. Duk mai bincike zai ga cewa ranar da aka fara gwaji babu izini a kundin. Abin da ya ci shekaru sai ya zama aikin minti biyar.

Sai amincewar iyaye. A ce ana ɗaukar muryar ma'aikaciyar jinya tana bayani da Hausa, da amsar uba ko uwa, da muryar shaida, a ajiye sautin a wuri mai tsaro, tambarinsa kuma ya shiga kundi da ranarsa da sa'arsa. Gardamar "an gaya musu" da "ba a gaya mana ba" da ta zo da sauƙi. Haka kuma kowane yaro zai samu lamba, iyayensa su tafi gida da kati mai ɗauke da ita. Ranar biyan diyya ba sai an nemi yawun bakin mutane an kai ɗakin gwaji ba.

Akwai kuma wata cutar da ke damun binciken magunguna a duniya baki ɗaya, wato sauya manufa bayan an ga sakamako. Mai bincike zai ce zai auna ko magani yana rage mutuwa. Da ya ga bai rage ba, sai ya rubuta cewa dama saukar zazzaɓi yake aunawa. Wasu masana a Jami'ar Oxford ta Ingila, ƙarƙashin Dakta Ben Goldacre, sun bi rahotannin gwaje-gwaje 67 da manyan mujallun likitanci 5 suka buga daga ƙarshen 2015. Guda 9 kacal suka ba da rahoton abin da suka yi alkawarin aunawa daidai. In tsarin gwaji, da yawan maganin da za a bayar, da abin da za a auna duk an kulle tambarinsu tun ranar farko, duk wani sauyi zai fito da ranarsa da sunan wanda ya yi shi.

Katin asibitin da gara ta ci

Mu sauko daga maganar manyan kamfanoni mu zo gida. A ce wata uwa a Fassi, ƙaramar hukumar Kibiya, tana da yaro mai sikila. Ta fara kai shi ƙaramin asibitin da ya fi kusa da ita, aka rubuta a kati. Ciwo ya yi tsanani aka tura su Babban Asibitin Rano, aka buɗe sabon fayil, aka ƙara masa jini. Bayan wata uku aka ce sai Kano. Can likita zai tambaya: wane magani aka ba shi? Sau nawa aka ƙara masa jini? Akwai wanda jikinsa ya ƙi? Katin farko ruwan damina ya jiƙa shi, na biyu yana Rano. Sai a sake gwaji daga farko, a sake biya, ga kuɗin mota, ga kwanan da maigida ya bar gona.

Abin da masu wannan fasaha ke hange shi ne kowane asibiti ya ci gaba da riƙe bayanansa a kwamfutarsa, kundin sarƙa kuma ya riƙe abu uku kawai: inda bayanin yake, tambarin da ke tabbatar da ba a taɓa shi ba, da sunan duk wanda ya buɗe shi. Uwar ce za ta ba likitan Kano izini ya duba, kuma in wani ya leƙa ba da izini ba, sawunsa ba zai goge ba.

Ƙasar Istoniya a Turai, mai mutum kusan miliyan 1.3, ta yi nisa a wannan. Tun wajen 2016 take amfani da irin wannan fasaha wajen tsare amincin bayanan lafiyar 'yan ƙasarta. Ɗan ƙasa yana iya shiga ya ga wane likita ne ya buɗe fayil ɗinsa da kuma yaushe. Abin lura shi ne su ma ba su zuba sirrin marasa lafiya cikin kundin ba, tambura kawai suke sakawa. A nan gida, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar ƙasa kan bulokcen a watan Mayu na 2023, zamanin Farfesa Isa Ali Pantami yana ministan sadarwa, kuma kuɗin eNaira da aka ƙaddamar a watan Oktoba na 2021 a kan irin wannan fasaha aka gina shi. Yadda eNaira bai samu karɓuwa a kasuwanninmu ba ya isa darasi: kafa fasaha daban, mutane su rungume ta daban.

Inda gizo ke saƙar

Kada zaƙin bayani ya ɗebe mu. Kundin sarƙa yana hana a canza abin da aka rubuta, amma ba ya hana a rubuta ƙarya tun farko. In ma'aikaci ya zauna ƙarƙashin bishiya ya cike sunayen yara 50 da bai yi wa allura ba, kundin zai tsare ƙaryarsa da kyau har abada. Amfaninsa ɗaya a nan, ba zai iya musanta cewa shi ya rubuta ba.

Haka nan kundin ba ya ganin zuciyar uwa. Matar da ɗanta ke sanƙare a hannunta, wuyansa ya ƙage, in mai farar riga ya miƙo mata takarda ya ce dangwala, za ta dangwala ko me aka rubuta. Dangwalen zai shiga kundi da sa'arsa daidai, amma ko ta fahimta? Ko ta san tana da damar cewa a'a kuma a ba ɗanta magani duk da haka? Wannan aikin mutane ne masu tsoron Allah da hukuma mai bibiya.

Sai babbar barazana, wato tonon asiri. Abin da ba ya gogewa alheri ne in shaida ce, masifa ne in sirri ne. Tun 2024 doka a Jihar Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na ƙanjamau, da ciwon hanta, da na sikila. Kundin sarƙa zai iya taimaka wa liman ko waliyyi ya tabbatar cewa takardar da aka kawo masa daga asibiti ta fito, ba a shagon kwamfuta aka buga ta ba. Amma ka yi tunanin a ce sakamakon da kansa, da sunan yarinya, ya shiga kundin da ba a iya sharewa, sannan wata rana ya faɗa hannun da bai dace ba. A garin da kowa ya san kowa, wannan ya isa ya rushe gida. Don haka duk tsarin da zai sa sunan mutum da cutarsa a cikin kundin kai tsaye, a guje shi.

Akwai kuma tambayar mabuɗi. Ana cewa mara lafiya ne zai riƙe lambar sirrinsa. To a gidajenmu da yawa waya ɗaya ce, kuma a aljihun maigida take. In waya ta faɗa rijiya fa? In tsohuwa ta manta lambar? In mace tana da larurar da take so ta fara tattaunawa da likita ita kaɗai? Tsarin da aka zana a Turai domin mutum ɗaya mai wayarsa shi kaɗai sai an sake masa ɗinki kafin ya shiga jikinmu. Ƙari a kan haka, ga wuta, ga sabis, ga ma'aikacin da zai shigar da bayanai alhali layin marasa lafiya ya kai bakin ƙofa. Asibitin da ba shi da firjin ajiye allura mai aiki, sola ya fi buƙata kafin kundin sarƙa.

Daga ƙarshe, su wa ke riƙe da kwafin? In kamfani ɗaya ne ya kafa kwamfutocin duka, ya riƙe su duka, to an koma gidan jiya, shaida ɗaya ne ya sa riguna biyar. Ƙarfin tsarin yana ga bambancin masu riƙon, kuma dole a samu namu a cikinsu: hukumominmu, jami'o'inmu irin su Bayero, da wakilan al'umma.

Abin da ke hannunka tun yau

Ba sai mun jira fasaha ba. Bayan abin da ya faru a Kano an samu gyara. Akwai Kwamitin Ɗa'ar Binciken Lafiya na Ƙasa, wato NHREC, da kundin ƙa'idojinsa na 2007. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a yi bincike a kan mutum sai da rubutacciyar amincewarsa bayan an yi masa bayani, ta kuma wajabta tsare sirrin mara lafiya. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman. Doka kuwa sai da mai tambaya take aiki.

Saboda haka, malam, hajiya, in wata rana aka zo muku da maganar sa ɗanku cikin wani bincike, ko a Fassi kuke ko a Fagge, ku yi waɗannan tambayoyi ba tare da jin nauyi ba. Wannan magani ne da aka riga aka amince da shi, ko gwaji ne? Wane kwamiti ne ya ba da izini, ina takardarsa da lambarta? In na ƙi, za a duba ɗana kamar kowa? In na yarda yau, gobe zan iya janyewa? In wata illa ta biyo baya, wa zai ɗauki nauyi, kuma ina zan same shi bayan kun tafi? Jinin da za ku ɗiba ina za a kai shi, har zuwa yaushe za a ajiye shi? Ku nemi a karanta muku takardar da Hausa a gaban wanda kuka yarda da shi ba cikin ma'aikatan binciken ba, kuma kada ku bar wurin sai da kwafinku. Mai bincike na gaskiya ba ya fushi da waɗannan tambayoyi, murna ma yake yi.

Sannan ku ɗauki hoton kowane katin asibiti, da katin rigakafin yara, da sakamakon gwaji, ku tura wa wani amintaccen ɗan'uwa ko biyu su ajiye. Asalin takardun kuma a sa su a leda a adana inda ruwa da gara ba za su kai ba. Kwafi uku a hannu uku, ai kun kafa ƙaramin kundin sarƙa na gidanku ke nan.

Ga masu unguwanni da dagatai da limamai kuwa, duk tawagar da ta shigo gari da maganar ɗibar jini ko gwada magani, a tambaye ta takardar izini, a kuma tuntuɓi sashen lafiya na ƙaramar hukuma kafin a yi shela. Hakan ne zai sa in masu rigakafin gaskiya suka zo, a buɗe musu ƙofa da natsuwa. Kuma musamman a lokacin zafi, duk yaron da ya yi zazzaɓi mai tsanani da ciwon kai da ƙagewar wuya, a garzaya da shi asibiti a ranar, kada a kwana.

Ina so in ji daga gare ku a ƙasan wannan shafi. Wa kuke ganin ya fi cancanta ya riƙe mabuɗin bayanan lafiyar iyali: maigida, uwargida, ko kowa nasa? Ma'aikatan lafiya na karkara kuma, ku gaya mana yadda kuke fama da ajiyar katuna a wurarenku. Roƙona ɗaya, kada kowa ya rubuta sunan mara lafiya ko cutarsa, don abin da ya hau intanet shi ma ba ya gogewa.

Allah Ya jiƙan yaran da muka rasa a 1996, Ya ba iyayensu haƙuri, Ya ƙara wa marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.